Almakashin DNA da ake kunnawa da haske

Tun da na fara bin labarin CRISPR, fasahar nan ta yanka da gyara DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta), abu ɗaya ke damuna, wai ta yaya ake tsayar da shi in ya gama aiki? Kowa yabon Cas9 yake yi, furotin ɗin nan da aka samo daga bakteriya, ana haɗa shi da ɗan guntun RNA (wani sinadari ɗan'uwan DNA) ya yi mai jagora, ya je daidai inda ake so a jikin DNA ya datse. Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier ne suka nuna hakan a 2012, har suka samu kyautar Nobel a 2020. To amma fa da zarar ya shiga ƙwayar halitta mai rai ba ya jin "ya isa haka", yana nan yana ta lalube awa da awanni wani lokacin ma kwanaki, kuma iya daɗewarsa iya haɗarin ya yanki wani wuri da ya yi kama da inda aka aike shi. Kuskure a DNA kuwa ba ya gogewa, in ƙwayar ta rabu biyu da shi 'ya'yan za su tafi.

Shi ya sa dabarar su Moritoshi Sato na Jami'ar Tokyo a 2015 ta burge ni sosai. Raba Cas9 suka yi gida biyu, kowane ɓari shi kaɗai ba ya tsinana komai, kaman ka cire ƙusar almakashi ka aje bakunan daban daban. Sai suka liƙa ma kowane ɓari wani ɗan furotin mai jin haske da suka sarrafa daga na wata fumfuna, suka sa musu suna Magnets don kaman maganaɗisu suke yi. A duhu kowa na harkarsa. Ana haska shuɗin haske sai su manne, almakashi ya haɗu ya hau aiki, in an kashe fitilar su saki juna yanka ya tsaya. Kuma a faranti ɗaya za ka iya haska ɓangare guda, ƙwayoyin wurin su canza, maƙwabtansu na gefe ko gezau.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka bi wata hanyar, RNA ɗin suka ɗaure da sinadari, Cas9 ya je ya zauna a kan wurin yana jira, ana walƙa haske ɗaurin ya kwance ya datse cikin daƙiƙoƙi. Da haka ake iya kallon yadda ƙwaya ke ɗinke raunin DNA tun daga farkonsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne shuɗin haske ba ya ratsa nama sosai. Gwada ka ɗora yatsunka a bakin tocila cikin duhu, ja za ka gani yana fitowa ta ɗaya gefen, shuɗin duk nama da jini sun shanye. Ke nan hanta ko ɓargo sun yi mai nisa. Don haka ba na so a ɗaga ma marasa lafiya rai a kan wannan tukuna, ko Casgevy, maganin sikila na CRISPR da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ba da haske yake aiki ba, a wajen jiki ake gyara ƙwayoyin sannan a mayar. Abun da nake bibiya yanzu shi ne aikin masu ƙera makunnin da ke jin jan haske, tunda shi ya fi nutsawa cikin jiki.