Ƙaiƙayin da gwajin jini ba ya nunawa

Yau na saurari wani zama ta intanet na masu fama da PSC, cutar da ke kumbura hanyoyin ruwan matsarmama na hanta har su ƙuntata su toshe. Wata mata ta ce likitoci kan duba sakamakon jininta su ce da sauƙi, alhali ita takan kwana tana susa har fatarta ta yi jini, kuma gajiya ta raba ta da aikinta. Ɗakin ya yi tsit, sannan wani mai bincike ya roƙe ta ta maimaita domin ya rubuta.

Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da wannan cuta, kuma idan ta yi tsanani sai dashen hanta, wanda ma a wasu mutane cutar takan dawo bayansa. Shi ya sa ƙungiyar PSC Partners Seeking a Cure, wadda marasa lafiya da iyalansu suka kafa a Amurka a 2005, take tattara bayanan masu cutar tana kuma ɗaukar nauyin bincike. Ina ganin duk maganin da za a gwada nan gaba, ya kamata a tambayi wannan matar ko ta samu barci.