Ƙanena, kafin ka ɗauki sukurudireba ka taɓa motar nan

Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta gwangwani, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, muna ja da zare a lungu, ba abin mamaki ba ne don mun girma hankalinmu ya koma kan motar rimot. Ranar da na fara ganin bidiyon wasu samarin Japan sun jera ƙananan motoci suna shan kwana a karkace, ƙofa na neman gogar ƙofa, ban yi barcin kirki ba. Yanzu na shekara biyar ina wannan wasa na dirif, wato tuƙa mota tana zamewa a karkace a kwana, kuma kusan duk yaron da ya tare ni tambayarsa ɗaya ce: wace mota zan saya? Ni ma da ita na fara, ita ce kuwa ta ɓatar da ni.

Asalin wasan daga manyan motoci ne. A shekarun 1970 wani direban tsere na Japan, Kunimitsu Takahashi, ya yi suna wajen shiga kwana yana barin bayan mota ya zame. Matasa suka ɗauki salon suka kai shi hanyoyin tsaunuka, cikinsu har da Keiichi Tsuchiya da motarsa Toyota AE86, wanda daga baya aka naɗa wa sarautar dirif. A farkon shekarun 2000 abin ya zama gasa mai suna D1 Grand Prix. A wannan gasa ba wanda ya riga isa ake ba kofi ba. Alƙalai suna duba layin da ka bi, da yadda ka karkata motar, da yadda ka riƙe ta ba tangarɗa. Da na fahimci wannan tun farko da kuɗina da yawa sun tsira.

Motata ta farko a shagon kayan wasan yara na saye ta, da fitilu da kwali mai ƙyalli an rubuta dirif a jiki. Kallon kitse na yi wa rogo. Totur ɗinta ko dai a kashe ko a ƙure, sitiyarin ma haka, ko hagu gaba ɗaya ko dama gaba ɗaya. Ba a koyon komai da irin wannan. Abin da za ka tambaya kafin ka biya shi ne ko totur da sitiyari suna bin yatsa daidai gwargwado, in ka ja kaɗan ta tafi kaɗan, sannan ko ana samun kayan gyaranta. Girman da aka fi wasa da shi a duniya shi ne kashi ɗaya cikin goma na mota ta gaske, wanda ake rubutawa 1/10. Yokomo na Japan da MST na Taiwan suna cikin waɗanda aka sani da yin casis, wato ƙashin motar da ake ɗora komai a kansa, na wannan aiki, kuma tun da Yokomo ya fitar da YD-2 a 2016 yawancin 'yan wasa suka koma mota mai jan baya kaɗai, suka bar mai jan taya huɗu. In ɗakinka ne kawai filin da kake da shi, akwai ƙanana na 1/24 da 1/28 da za su wadatar.

Da na samu mota ta ƙwarai sai na shiga kuskure na biyu, na ɗauka ƙarfi shi ne wasan. Na sayo inji mai tsananin gudu, irin na tseren hanya miƙaƙƙa. A injin waɗannan motoci akwai lamba mai harafin T a gaba, kuma iyakar ƙanƙantar lambar iyakar saurin juyinsa. Masu dirif sun fi amfani da 10.5T ko 13.5T, mai wayar sensa da ke gane inda juyin injin yake, domin shi ne ke tashi a hankali ba fizga. Nawa kuwa da na taɓa totur sai motar ta yi katantanwa a wuri ɗaya, ko ta cilla ta daki bango. A mako biyu na karya hannun tayar gaba sau biyu, na zauna jiran saƙo daga waje fiye da wata guda. Tun daga nan duk lokacin da zan yi oda sai na haɗa da hannuwan gaba na ajiya, don su ne suke fara karyewa.

Taya da ƙasa kuwa ba a raba su. Tayar dirif roba ce mai tauri kamar ta bokiti, an yi ta ne don ta zame. Na taɓa yanka bututun ruwa na PVC na sa a kan rim, ya zame kam, amma kowace taya da nata kauri, motar tana ja gefe ɗaya. Sayi na gaske guda huɗu iri ɗaya. Na kuma ɓata watanni ina wasa a kwaltar ƙofar gida, inda yashi ke shiga giya, tsakuwa na cinye taya. Nemi daɓen siminti mai sulɓi, ko tarazo, ko tayil marar rami a mahaɗa, ka nemi izinin mai wurin, ka share shi tas kafin ka ajiye mota. A lokacin hunturu sai ka yi shara sau biyu ko uku a zama ɗaya, domin ƙurar da ba ka ma gani tana canza yadda taya ke kama ƙasa. Bayan wasa ka goge motar da burushin fenti, ka juya kowace taya da hannu. In ka ji kamar yashi a boris, wanke shi ka ɗiga masa mai marar kauri.

Mota mai jan baya ba ta tuƙuwa sai da wata 'yar na'ura da ake kira jairo. Ita ce ke jin bayan mota ya fara zamewa, sai ta juya tayoyin gaba su bi zamiyar da saurin da yatsan mutum ba zai iya ba. Kwana uku na yi ina zargin motata, ashe jairon na saita a juye. Gwajin ba shi da wuya: ɗaga motar a hannu, ka karkata hancinta hagu da sauri, tayoyin gaba su juya dama. In sun bi hancin, juya saitin. Ƙarfinsa ma da iyaka. In ya yi yawa za ka ga tayoyin gaba suna karkarwa, in ya yi kaɗan motar za ta riƙa juyewa. Ka ƙara har karkarwar ta fara, sannan ka rage kaɗan. Kada kuma ka manta ka saita iyakar juyin sitiyari a rimot da jairo. Ni na manta, sarbon da ke juya tayoyin ya yi ta tura ƙarfe a inda ba hanya har ya ƙone.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ya ci mini kusan shekara guda, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Motar dirif tana da wuraren saiti da yawa, kowanne yana da aikinsa. Akwai kamba, wato yadda saman taya ke kwantawa ciki. A gaba akan kwantar da shi sosai, digiri shida zuwa goma, don idan an ƙure sitiyari tayar da ke jagora ta zauna daram a ƙasa, a baya kuwa digiri biyu ko uku sun isa. Akwai yadda bakin tayoyin baya ke ɗan kallon juna, wanda ke sa mota ta natsu ta tura gaba. Akwai kasta, wato kwanciyar sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta, da bambancin juyin tayar hagu da ta dama, da tsayin casis daga ƙasa wanda yawanci bai wuce milimita shida zuwa takwas ba, da taurin sifirin, da kaurin man shokozoba, da wurin da batir ya zauna, domin nauyin da ka mayar baya yana ƙara wa tayoyin baya kamu.

Ni da na koyi sunayen nan sai na zama kullum sukurudireba na hannuna. Mota ta juye sau biyu, in zauna in ƙara kamba, in sauya sifirin, in matsar da batir, in rage jairo, duk a zama ɗaya. In ta gyaru ban san wanne ya gyara ta ba, in ta lalace ban san wanne zan mayar ba. Wata rana motar ta yi daɗin da ban taɓa ji ba, tana shiga kwana kamar ta san abin da nake so. Washegari na ce bari in ƙara mata kyau, na taɓa wurare huɗu. Wallahi har yau ban sake samun wancan saitin daidai ba, domin ban rubuta ko lamba ɗaya ba. Abin ya dame ni har na ajiye motar a saman kabad wata biyu.

Da na sauko da ita sai na ɗauko takardar da ta zo da ita, na mayar da komai yadda masu ƙera ta suka tsara, na auna sandunan saitin taya na hagu da na dama da rula har suka zo daidai. A nan na gano na hagu ya fi na dama tsawo da kusan milimita biyu, shi ya sa take son kwanar dama take ƙin ta hagu. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in. Dokar da na sa wa kaina ita ce ba na taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, ba na juya sanda fiye da rabin juyi, kuma sai na ƙarar da batir guda cur a kan canjin kafin in yanke hukunci. In rubuta kwanan wata, da irin daɓen, da abin da na canza, da abin da na ji. Cikin wata uku na gane cewa yawancin abin da nake ɗora wa saiti laifin yatsana ne. Ina fizgar totur, in tsorata in saki gaba ɗaya, alhali bayan mota da totur ake riƙe shi: ka ƙara ya buɗe, ka rage a hankali ya dawo.

Maganar batir ba ta wasa ba ce, don Allah ku saurare ni. Batirin LiPo, irin wanda waɗannan motoci ke aiki da shi, mai gida biyu yana ba da bolt 7.4, in ya cika ya kai 8.4. Kada kowane gida ya wuce 4.2, kada kuma ka tatse shi ya sauka ƙasa da 3.2. In za ka ajiye shi kwanaki, bar kowane gida a 3.8. Ni na bar nawa cike a cikin jaka a bayan mota a zafin Afrilu, na dawo na tarar ya kumbura kamar fanke. Allah ya kiyaye bai kama da wuta ba, kuma jakar tana zuwa ɗakin da ƙannena suke kwana. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada ka huda shi, kada ka sake caja shi. Yi amfani da cajar da ke daidaita gidajen, ka sa batirin a tukunyar ƙasa a kan siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa. Kada ka jona shi ka kwanta barci don an kawo wuta da dare.

Wani abu kuma da ke raina: kun san wasan mota da ake yi a titi ranar biki, kun san iyayen da ya bari da kuka. In sha'awar ganin mota tana zamewa ce ke cin ka, ga inda za ka kashe ƙishirwarka, kuskurenka mafi muni ya tsaya a karyewar roba.

In motarka ta iso, bar ta a saitin da ta zo da shi. Rage ƙarfin totur a rimot zuwa rabi. Ajiye gorar ruwa a tsakiyar daɓe, ka zagaya ta a karkace, hancin mota na kallon gorar, har ka iya zagaye goma ba juyewa, ta hagu sannan ta dama. Bayan haka ka ajiye gora biyu da tazarar taku huɗu ka riƙa zana lamba 8 a tsakaninsu, domin a wurin sauya gefen ne za ka koyi sakin totur da sake kama shi. Ni sai da na yi mako shida kafin na haɗa 8 biyar a jere. Ranar da ka haɗa naka, buɗe littafinka ka rubuta lambobin motar gaba ɗaya a shafin farko, sannan ka zaɓi abu ɗaya da za ka fara canzawa.