Shayin Wani Dattijo a Istanbul

Ɗazu da la'asar mai shayinmu na bakin kasuwar Argungu ya miƙo mini kofin shayi, tururin na bugun fuskata sai zuciyata ta koma Istanbul, inda na yi hutu watan jiya. A unguwar Eminonu ne, gindin gadar Galata da masu fatsa ke jeruwa a kanta. Na sayi burodi da gasasshen kifi da ɗanyar albasa a ciki. Kifin teku ne, yana da daɗi, amma wallahi bai kama ƙafar giwan ruwanmu na Matan Fada ba.

Wani dattijo a gefena ya dube ni ya ce "cay?" Kunnena shayi ya ji, kuma shi ɗin ne: baƙi, babu madara, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Ba na jin Turkanci, ba ya jin Hausa. Da na kurɓa na ce Alhamdu lillahi, ya dafa ƙirji ya maimaita, ya kuma hana ni biya. Muka zauna shiru muna kallon jiragen ruwa na tsallakawa ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya. Har yanzu yana damuna da na taso ban tambayi sunan Baban nan ba.