Ka Ba Shi Waƙa Uku

Sana'ata haɗa sauti ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin wani rukunin makaɗa a Abuja, ina ja musu waya, ina daidaita makirufo, ina zaune a bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, daga bayan isha'i har biyu ko ukun dare. Wanda ya san lambunan shaƙatawa na Abuja a daren Juma'a ya san yadda suke: gasasshen kifi, tsire, makaɗa a kan dandamali, kwalabe a kan kowane tebur. In kiɗa ya ratsa wani mai hali, bayan liƙi sai ya aiko wa makaɗa da kwalin giya. Mai sauti ma yana da kasonsa. A nan na fara sha, a kyauta, har ta kai ba na iya ɗaura wayar sifika da safe sai na kurɓa.

Da na yanke shawarar dainawa, kulle kaina na yi a ɗaki ban gaya wa kowa ba, saboda kunya. Kada wani ya yi koyi da ni a wannan. Washegari hannuwana suka kama rawa, a rana ta uku na fara ganin abubuwa suna tafiya a jikin bango. Yayana ne ya ɗauke ni zuwa asibiti. Likitar ta yi mini bayani cewa wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke lokaci guda, karkarwa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya kan iya biyo baya, kuma daga rana ta biyu zuwa ta huɗu ruɗewar da ke iya kisa takan zo. Da magani da kulawar asibiti ake tsallake waɗannan kwanaki.

Ta ce in nisanci wuraren kiɗa aƙalla wata uku. Kwana 52 na iya. Kuɗin haya ya zo, ga kuɗin makarantar yara, ni kuwa ba ni da wata sana'ar.

Daren da na koma, niyya kaɗai na riƙo. Teburin mikisa yana inda ya saba, taku uku daga kantar masu sayar da giya, domin nan soket yake. Ban ci komai ba tun rana. Da aka buɗe kwalbar farko a bayana na ji ƙarar murfin, sannan jitar bes ta shigo, sai yawu ya cika mini baki tun kafin in yi tunanin komai. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, shekara da shekaru na koya wa ƙwaƙwalwata cewa in wannan sauti ya tashi, kwalba na tafe. Jiki ba ya jiran shawararka. Ƙarfe goma sha ɗaya na bar wa yaron da nake koya wa aiki teburin, na zagaya bayan janareto na zauna a kan dutse ina kuka.

A nan mai gangarmu ya same ni lokacin hutu. Dattijo ne daga Kudancin Kaduna, Baba muke ce masa, ya bar burkutu fiye da shekara ashirin kuma bai bar dandamali ba ko na mako guda. Bai yi mini wa'azi ba.

“Ɗana, ka ci abinci?”

Na ce, “A'a, Baba.”

Ya aika aka sayo mini tsire da burodi, ya tsaya a kaina har na cinye. Sannan ya ce, “Wannan abin da ke cin ka yanzu, tashi yake kamar guguwa, ya kwanta. In ya taso, ka ba shi waƙa uku. Kada ka yi gardama da shi, ka sa ido a kan aikinka ka ƙirga. In an gama ta uku bai sake ka ba, ka ɗaga mini hannu, ka tafi gida. Ni zan yi wa shugaba bayani.”

Waƙa uku a wurinmu kusan minti ashirin ne. Da na gaya wa likita, ta ce haka abin yake: kwaɗayin giya yakan kai ƙololuwa ya sauka, galibi cikin rabin awa, in ba a ciyar da shi ba. Baba ya kuma ce in riƙa tambayar kaina abu huɗu kafin in shiga wuri: ina jin yunwa, ina cikin fushi, ina jin kaɗaici, ko na gaji? Daga baya na ji cewa masu taron Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu ƙoƙarin barin giya da aka kafa a garin Akron na Amurka a 1935, su ma waɗannan huɗun suke yi wa juna tuni da su. Shi Baba a kan dandamali ya koye su.

Mako na gaba na sayi ƙarin waya mai mita ashirin da kuɗina, na mayar da teburin can gefen masu gasa kifi. Hayaƙi ya fi mini warin giya sau dubu. Na riƙa cin tuwo in ƙoshi kafin in fito, kuma ban sake barin hannuna haka nan ba: ko Maltina ko ruwan gora, ni nake buɗewa da kaina. Hannun da ke riƙe da wani abu ba a cika miƙa masa kwalba ba. Kuɗin aikina na ce a riƙa tura wa maiɗakina, in fito da na mota kawai.

Akwai tarkon da ban sani ba. Wani dare na karɓi Chapman, a zatona lemo ne da kokwamba zalla. Kurɓa ɗaya na ji wani ɗaci da harshena ya gane. Ashe ana ɗiga masa Angostura, wanda kashi 44.7 cikin ɗari na cikinsa barasa ce. Ɗigo kaɗan ne, ba zai bugar da kowa ba, amma ni daren nan sai da na ƙirga waƙa shida. Giyar da ake cewa ba ta da barasa ma na bar ta, don ɗanɗanon kaɗai ya isa ya tayar mini da abin da ke barci.

Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki. Ni Musulmi ne, kuma a wurinmu mai shan giya ɓoyewa yake yi, mai dainawa ma ɓoyewa yake yi, don in ka ce ka daina ka amsa cewa ka sha. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida na haddace ta tun ina makarantar allo. Ba sani na rasa ba, mutumin da zan kira ƙarfe ɗayan dare na rasa. Sai da na tara makaɗan na ce musu kasona na kwali na yafe, na kuma roƙi masu kai abin sha kada su ajiye komai a teburina ko wa ya aiko. Yawancinsu sun girmama hakan. Mutum ɗaya, abokin shana na da, ya yi ta cewa, “Haba mutumina, ɗaya tak.” Da farko ina yi masa dogon bayani, sai na lura kowane dalili na kawo ƙofa nake buɗe masa. Na koma “Na daina” kawai, in mayar da ido kan mikisa. Bayan wata guda ya gaji.

Lokacin da ya fi haɗari kuwa bayan an tashi ne, sa'ad da jama'a suka watse, makaɗa suka zauna raba kwali, jiki ya mutu. Har yau da an buga waƙar ƙarshe nake kashe na'ura in kama hanya, yaron ya naɗe wayoyi, ina ƙara masa wani abu a kan haka. In da ba abincina ne a wurin ba, da na cika wata ukun nan na likita, har in ƙara. Wanda sha'awa ce kawai ke kai shi, ina roƙonsa ya jira, ko ya fara da bikin rana inda zoɓo da kunun aya ne a kan tebur, kuma ya tafi da wanda ya san halin da yake ciki.

Watannin farko kiɗan kansa ya zame mini lami. Ina ji, amma ba ya taɓa ni, har na fara tsoron ko giyar ce nake so tun asali. Likita ta ce in yi haƙuri, ƙwaƙwalwa na ɗaukar lokaci kafin ta koma jin daɗin abu da kanta. A wata na biyar, wani daren Asabar, ana tsakiyar wata waƙa da muka buga ya fi sau ɗari, na ji Baba yana wani ɗan bugu da hannun hagu a ƙarƙashin amshi, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Na ɗaga makirufon gangarsa kaɗan don jama'a su ji. Da aka je hutu na ce, “Baba, yaushe ka ƙara wannan?”

Ya goge gumi da tawul, ya ce, “Ɗana, tun ranar da ka fara aiki da mu nake buga shi.”