Lambu a saman bene a Jidda: abin da rana da ruwa suka koya mini

A Jidda ba a jiran damina. Shekara sukutum sai ta wuce ruwan da ya zuba bai kai milimita 100 ba, in kuma ya tashi zuwa, sau da yawa a yini ɗaya yake juye duk abin da ya tara, irin yadda aka gani a Nuwamban 2009 da Nuwamban 2022. Duk wanda ya zo da lissafin gida, cewa sai hadari ya haɗo daga gabas ake fito da iri, lissafinsa ba zai ci ba a nan. Wannan shi ne abin da nake fara gaya wa duk matar da ta hau saman benen da muke haya, ta ga ganye shar, ta ce ita ma tana so.

Miya ce ta sa ni shuka. Lalo da kuɓewa ba su da wuyar samu, mutanen ƙasar nan ma suna ci, Halaƙa, babbar kasuwar kayan miya ta Jidda, cike take da su. Amma ɗanyar rama ta kwaɗo, da yakuwa mai tsamin nan, da zogalen da aka tsinko yanzu, sai dai busasshe da alhazai ke kawo wa 'yan'uwa tsaraba. Ina son yarana su san ɗanɗanon ɗanyen, kada su girma suna zaton zogale gari ne da ake ɗurowa a leda.

Shekarar lambu a nan kashi biyu ce. Daga Oktoba zuwa Maris ake yin tumatir, tattasai, latas, karas, jirjir (ganyen salak mai ɗan yaji), kuzbara (ganyen miya mai ƙamshi) da albasa mai lawashi. Ni ina yafa irin tumatir a Oktoba cikin 'yan kofuna a inuwa, in dasa a Nuwamba, in fara tsinka wajen Janairu. Gwaggona, wadda ta tsufa a Makka wajen Shari' Mansur, ita ta daɗe tana faɗa mini: "Ke 'yar nan, ba ranar ce kaɗai ke hana tumatir 'ya'ya ba, daren ne. Daren da bai huce ba, fure zubewa yake yi." Gaskiyarta. Da zarar rana ta wuce digiri 35, dare kuma ya ƙi saukowa ƙasa da 24 ko kusa da haka, garin furen ya lalace, sai ki ga itace kore fatau, fure ya fito ya bushe ya faɗi. Taki ba ya gyara wannan, ruwa ma haka. Da Afrilu ta kama, tuge shi nake yi in ba kuɓewa wurin.

Bazara kuwa ta 'yan gida ce. Kuɓewa, lalo, rama, alayyafo da zogale, duk zafin da ake yi, in dai sun sha ruwa, tashi suke yi. Garin da ya taɓa kai digiri 52 a Yunin 2010, amma kuɓewa ta yi fure a cikinsa, ai dole mutum ya girmama abin da kakanninmu suka zaɓa suka riƙe. Yakuwa tana da nata hali: ganye za ta ba ki tun tana ƙarama, amma ba ta fure sai yini ya fara gajarta, don haka wadda aka shuka a Yuli ko Agusta sai wajen Nuwamba za a ga soɓorodonta. Zogale kuma saiwa yake turawa ƙasa, yana son mazubi mai zurfi, ba ya son ruwa ya kwanta masa. In ya kai ƙirjina sai in sare kansa, ya yi rassa ta gefe, in ba haka ba ya miƙe siriri iskar teku ta karya shi. Hijaz, yankin da Jidda take ciki, ma tana da ɗan'uwan zogale a duwatsun garin Ula, wanda ake matse mai daga 'ya'yansa.

Maganar ruwa ita ce gaba da komai. Ruwan famfon Jidda daga Bahar Maliya ake tace shi, kaso mai yawa daga tashar Shu'aiba da ke kudu da gari, kuma wanda ya taɓa zaman jiran motar ruwa tanki ya ƙafe ba zai yarda a kwarara shi a kan ganye ba tare da lissafi ba. A gidan haya ma rigima ce da maƙwabta. Abin da ya cece ni shi ne ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin da babu gidan da ba ta. A Agusta da Satumba, lokacin da iska ke cike da laima har gilashin mota ya yi gumi, tiyo ɗaya na iya cika bokiti a yini. Ruwa ne da na'urar ta tatso daga iska, babu gishiri a cikinsa, kuma a yawancin gidaje bin bango yake yi yana lalata fenti. Na roƙi maƙwabciyata ta sama da ta ƙasa, muka haɗa tiyo zuwa jarkoki, duk yamma yara su hau da su. Ba ruwan sha ba ne, ba na wanke ganyen ci da shi, kuma da yake ba ya ɗauke da komai na abincin shuka, dole a riƙa ba ƙasar taki. Da hunturu, lokacin da ake kashe na'urori, yana raguwa sosai, sai in haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya.

Jarkar da aka tara ruwa a rufe take zama, ba wasa. Zazzaɓin dengi yana Jidda tun 1994, kuma sauron da ke kawo shi a ruwa mai tsabta yake ƙwai, har ɗan farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fure ya ishe shi. Ni ba na barin faranti ko ɗaya a saman. Ban-ruwa kuma da asuba nake yi, bayan salla, kafin siminti ya ɗau zafi. Ruwan tankin saman bene da azahar yana iya ƙona hannu, balle saiwa.

Akwai wani farin ɓawo da ke fitowa a bakin tukunya da saman ƙasa, gefen ganye kuma ya fara ƙonewa. Gishiri ne, wanda ruwa ya bari da ya ƙafe, da wanda taki ya kawo. Maganinsa a kankare saman, sannan sau ɗaya a wata a tuttula ruwa har ya fito ta ƙasa ya wanke shi. Yayyafa kaɗan-kaɗan kullum shi ke tara shi.

Ba na shuka a baƙar roba, dafa saiwa take yi. Fararen akwatunan nan marasa nauyi da ake zuba kifi da ƙanƙara a kasuwar Bangala su na fi so: a wanke su sosai, a huda ƙasan, a ɗora kan katako ko bulo don kada su taɓa siminti. Ƙasar kuma haɗi ce, jan yashi da bitmos (baƙar ƙasar shuka ta buhu da ake saya a mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke) da takin tumaki wanda ya daɗe ya ruɓe, don sabo ƙona shuka yake yi. Daga Mayu ina ɗaura koren raga mai rage rabin rana. Kafin duk wannan sai da na nemi izinin mai gida, na kuma jera masu nauyi ta gefen bango. Amfanin mazubi ya fito fili a 2022, da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail inda Hausawa da yawa suka zauna shekara da shekaru. Wata ƙawata ta bar bishiyar lemun tsamin da mahaifinta ya dasa a tsakar gida, amma zogalenta na cikin rabin durom ya hau mota tare da katifu.

Ƙwari ba su da yawa a sama, sai farin ƙuda da wani fari mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Darbejiya ce maganina, ga ta nan a titunan Jidda, ita ce kuma ke yi wa alhazai inuwa a Arfa. In daka ganye da 'ya'yan, in jiƙa su kwana, in tace, in ɗiga sabulu, in fesa ta ƙarƙashin ganye bayan la'asar. Rashin ƙudan zuma ya fi damuna. Kabewa sai na haɗa ta da hannu: da sassafe furen ke buɗewa, macen tana da ɗan ƙulli a gindinta, namijin kuwa siririn kara ne kawai. In tsinko namijin, in yaye rawayen ganyen furen, in goga tsinken mai gari a tsakiyar macen. In ya kama, bayan kwana kaɗan ƙullin ya fara kumbura, in bai kama ba ya yi rawaya ya faɗi.

A 'ya'yan itace, gwanda da lemun tsami ne suka karɓe ni. Gwanda a shuka uku ko huɗu, don wata namiji ce ba ta haihuwa. Inabi da rumman na bar wa mutanen Ɗa'ifa da sanyin dutsensu.

Cikin ɗaki labarin daban ne, a can yawan ruwa ke kisa. Butas, shukar adon nan mai yaɗo, da alobera ba na ba su ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe, ba na kuma ajiye su inda iskar mukayyif ke bugawa. 'Yata ce ta kawo maganar lambun kwalba, dabarar da wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya gano a 1829 da ya ga tsiro ya rayu cikin rufaffiyar kwalba. Muka samu babbar kwalba mai faɗin baki, muka zuba tsakuwa, sai dakakken gawayin itace, ba mai kamawa da wuri na turaren wuta ba, sai ƙasa kamar tsawon yatsa, muka dasa fitoniya mai jan jijiya da cokali, muka fesa ruwan mukayyif wanda ba ya barin tabo a gilashi, muka rufe. Da safe raɓa takan kwanta a gefe ɗaya, kafin azahar ta gangara ta koma ƙasa. In gilashin ya wuni a jiƙe, ruwa ya yi yawa, sai a buɗe murfin na yini. Rana ba ta taɓa ta kai tsaye, kuma ba a sa alobera ko wani mai son fari a ciki, ruɓewa zai yi.

Iri kuwa nawa nake ajiyewa. Kuɓewar farko mai kyau ba na yanka ta, ɗaura mata zare nake yi in bar ta ta bushe a jikin uwar har ta fara tsagewa, haka rama da yakuwa. Na fakiti mai alamar F1 ba a ajiye 'ya'yansa, ba sa fitowa kamar iyayen. In irin ya bushe ƙarau, sai in ƙulle shi a takarda, in rubuta suna da wata, in sa a kwalba mai murfi a ƙasan firij, don laimar Jidda da zafinta suna kashe iri a 'yan watanni in an bar shi a kanta. Rabin na bana na Gwaggo ne, ta aiko a kai mata yakuwa kafin Yuli.