Igiyar Gugan Iya da Na'urata a Maiganga

Ranar da na fara sauka a yankin Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, na riga na yanke hukunci tun ban leƙa rijiya ko ɗaya ba. Aikin kammala karatuna ne a fannin ilimin ƙasa da duwatsu: in bi rijiyoyin da ke kewaye da ramin kwal, in ga ko ruwansu yana ja da baya ko yana lalacewa. Tun wajen 2007 ake haƙar kwal a nan ana kai wa masana'antar siminti, kuma buɗaɗɗen rami ne. Irin wannan rami in ya zarce matakin ruwan ƙasa, dole a riƙa zuƙe abin da ke tsattsafowa cikinsa da inji, sai ruwan kewaye ya riƙa gangarowa wajensa, rijiyoyin kusa su fi na nesa jin jiki. A aji na karanta wannan, don haka a ganina shaida kawai na zo ɗauka.

Bayan na kai gaisuwa wajen mai unguwa, ya haɗa ni da wani saurayi, muka fara. Na'urar tawa tef ce mai awo, da ɗan ƙarfe a bakinta. Da ya taɓa ruwa sai ta yi ƙara. Watan farko gaba ɗaya asararsa na yi. Yau in auna da hantsi, wani mako da la'asar, alhali tun asuba mata ke ɗiba. Abin da na rubuta ba matakin ruwan ƙasa ba ne, yawan gugan da aka ja ne. Ga shi kuma ba daga wuri ɗaya na bakin rijiyar nake kafa tef ba. Sai da na sayi fenti na yi wa kowace rijiya alama, na koma fita kafin kiran assalatu, sannan lambobin suka fara magana da juna.

A bakin wata rijiya wata tsohuwa ta tsaya tana kallona.

"Ɗana, abin nan naka mai kuka, tun yaushe ya san rijiyar nan?"

"Iya, wata biyu ke nan."

Ta yi dariya, ta jawo igiyar gugarta ta nuna mini ƙulle-ƙullen da ke jiki. Kowane ƙulli ƙari ne, kuma ta san shekarar da aka yi shi da dalili: wannan fari ne, wannan yashe rijiyar aka yi, wannan bayan an fara haƙa. Da gaba take lissafi, ba da mita ba. Na ji kunya. Babban giɓin aikina shi ne ba ni da awon kafin haƙar, ga shi a hannun wadda ban yi niyyar tambaya ba. Ba ma'auni ne da zan kafa hujja da shi a gaban malamai ba, don igiya tana tsinkewa a ɗaura, amma daga ranar na ware shafi a littafina don abin da masu ɗiba ke faɗa.

Batun ingancin ruwan ya fi ba ni wahala. A jikin kwal akan sami wani ma'adini, fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne lafiya lau ne. In aka tono shi ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da ruwa mai tsami, tsamin kuma ya narko da ƙarfe da manganis. Don haka da na ga wata burtsatse tana ba da ruwan da ke komawa ja in ya jima a bokiti, har ya rina farin tufa, na ce magana ta ƙare. Na cika kwalabe daga zubowar farko, na jefa a but ɗin mota cikin zafin Afrilu. Ko da aka kai ɗakin gwaji tsatsar ta kwanta a gindin kwalba, sakamakon ba shi da amfani. Ashe sai an zubar da kamar ninki uku na ruwan da ke tsaye cikin bututu, a auna tsami nan take, a ɗiga asid na naitirik a kwalbar gwajin ƙarfe, a sa sauran cikin kula mai ƙanƙara.

Malamina tambaya ɗaya ya yi mini: "Ina rijiyar da ramin bai isa ya shafa ba?" Ba ni da ita. Na je nesa, ta gefen tudu inda ruwan ƙasa ke fitowa kafin ya nufi ramin, na sami wata burtsatse. Ita ma ja take yi. Dutsen yashin Gombe da kansa yana da ƙarfe, tsofaffin bututan famfo kuma suna tsatsa. Jan ruwa kaɗai ba ya nuna mai laifi. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya ce awon tsami, wato pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, salfet kuma, wato abin da farar wutar fairait ke komawa a cikin ruwa, kada ya wuce miligiram 100. Salfet ɗin da tsamin su ne abin sa wa ido, in suna hawa tare a kusa da rami ba sa hawa a nesa.

Damina ta sauka, rijiyoyi suka ciko, na kusa da na nesa. Abin dubawa shi ne ko kowace ta koma inda take bara, kuma wannan sai an jera shekaru, ni kuwa shekara ɗaya aka ba ni. Haka na rubuta a rahotona, duk da ba haka na so ya ƙare ba.

Ran da zan tafi na bar wa jikan Iya tef ɗin magina, da alli na shafa wa bakinsa don a ga inda ya jiƙe, da sabon littafi. Muka yi da shi kowace Juma'a da asuba, daga alamar fenti, kafin guga ta farko ta faɗa.