Kwalbar da ban rubuta wa suna ba

Ina da shekara 24 na fara girki da man wiwi, wato man girki da aka dafa ganyen wiwi a cikinsa. Dalilina a lokacin shi ne wai na gaji da hayaƙi, ƙirjina yana damuna, ga wani aboki ya ce ai ci ya fi sha lafiya. A inda nake zaune doka ta ƙyale babba ya mallaki ɗan kaɗan, shi ya sa ko ɗar ban ji ba. A yawancin ƙasashen duniya kuwa ɗauri ne, kuma alƙali ba ruwansa da ko a takarda ka naɗa ko a tukunya ka zuba. Ƙannena, ba koya muku haɗawa na zo yi ba, abin da ya same ni zan ba ku.

Ranar farko kek na cakulan na yi, na yanka shi gida tara. Na ci yanki ɗaya da ƙarfe takwas na dare, na zauna jira. Takwas da rabi, shiru. Tara saura kwata, shiru. Na ce a raina man bai kama ba, na yi asarar ganye, na tashi na ƙara yanki biyu. Goma ba ta cika ba na farkon ya iso, sauran biyun na biye da shi a baya.

Abin da na fi tunawa shi ne sanyin tayil ɗin banɗaki a kumatuna. A nan na kwanta, yatsu biyu a wuya ina ƙirga bugun zuciya, in kai ashirin lissafin ya ɓace in koma farko. Bakina ya bushe ƙamas, harshe kamar tsumma. Na duba agogo, na yi ta fama da raina har na ɗauka awa guda ta wuce, na sake dubawa, ashe minti huɗu ne. Na sakankance mutuwa zan yi a daren, har na fara tunanin wa zai tarar da ni a haka. Washegari da la'asar ma kaina bai dawo daidai ba.

Daga baya na gane inda na yi wauta. Hayaƙi ta huhu yake shiga jini, cikin 'yan mintoci ka san inda kake, in ya ishe ka sai ka ajiye. Abin da ka ci kuwa sai ya bi ciki da hanji, ya ratsa hanta, ita kuma ta juya THC, sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, zuwa wani da ake kira 11-hydroxy-THC, wanda bugunsa ya fi tsanani kuma ya fi daɗewa. Kafin ka fara jin komai ana ɗaukar minti 30 zuwa awa 2, ƙarfinsa na iya ci gaba da hawa har awa 4, ya riƙe ka har awa 12, saurarsa kuma ta kai washegari. Da zarar ya wuce maƙogwaro ba ka da birki. Ruwa, kofi, wanka, duk na gwada, babu wanda ya rage min komai. Wannan shirun na awa ɗaya shi ke cin mutane, don kowa yana ɗauka bai ci isasshe ba.

Sai lissafin da ya kamata in yi kafin in kunna wuta, wanda ban yi ba sai bayan mako guda. Ganyen da na saya an rubuta THC ɗinsa kashi 20 cikin 100 ne, wato kowane giram yana ɗauke da miligiram 200. Giram 7 na zuba a kofin mai ɗaya, ka ga 1,400 ke nan. Rabin kofin ya shiga kek ɗin. Ko a ce rabin sinadarin ya lalace a wuta ko ya maƙale a ganye, kowane yanki bai gaza 35 zuwa 40 ba, ni kuma uku na ci. Ku kwatanta da Kanada, wadda ta halatta wiwi a 2018, ta ba da izinin sayar da na ci a 2019: dokarta ta ƙayyade miligiram 10 kacal a fakiti guda, hukumar lafiyarta kuma ta shawarci sabon shiga ya fara da 2.5 ko ƙasa da haka. Na haɗiyi abin da ya fi fakiti goma a zama ɗaya, ina ganin kaina gwani.

Shi ma wannan lissafin hasashe ne. A kicin ba ka da abin aunawa, kuma mai ba ya rarrabuwa daidai a cikin kwaɓi. Wani yanki ya zo salam, na kusa da shi ya kayar da ƙato.

Da mai hankali ne ni, da nan labarin ya ƙare. Amma sai na ce ai yanzu na san ma'auni. Sauran man na juye a wankakkiyar kwalba, na ajiye a kan kanta kusa da man girki. Launinsa kore-kore kamar man zaitun, warin ma ba ya tashi sai ka kai hanci. Ni kaɗai ne a gidan, wa zan rubuta wa?

Bayan wata biyu yayata ta zo ta kwana da ɗanta mai shekara huɗu. Na fita da sassafe. Ta tashi ta soya musu ƙwai, hannunta ya kai kan kwalbar. Wajen sha ɗaya ta kira ni, muryarta na jan kalmomi.

"Kai, jiri nake ji, kuma yaron nan ya ƙi tashi. Ina girgiza shi yana lanƙwashewa."

"Yaya, me kuka ci?"

"Ƙwai kawai. Da man nan naka na kwalba."

Wallahi ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da shi a kan kujera, ido rabi a buɗe, kai na lilo, hannu ya saki kamar ba ƙashi. Na ɗauke shi, na cusa kwalbar a aljihu, muka nufi asibiti. A hanya zuciyata na ta raya min in ce ban san abin da ya ci ba. Abu ɗaya da na yi daidai a duk wannan labari shi ne da likita ta tambaya na ajiye kwalbar a gabanta na faɗi komai, har da lissafin miligiram. Wannan ya hutar da yaron daga gwaje-gwajen neman abin da ba shi ne ba. Suka sa masa na'urar lura da numfashi da bugun zuciya, ya kwana. Jikin yaro ƙarami ne, abin da zai sa babba jiri shi yana iya danne masa numfashi. In hakan ta taɓa faruwa a gabanku, kada ku tsaya jira ya farka, kada ku ɗura masa komai don ya yi amai, ku tafi asibiti ku faɗi gaskiya.

Ashe ba ni kaɗai ba ne mai irin wannan sakaci. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa ya nuna cewa a Amurka rahoton yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci abinci mai wiwi ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021, kuma mafi yawansu a gida abin ya same su. Karnuka ma haka suke afka masa.

Wanda ya dage sai ya yi, to ya rubuta wa kwalbar suna da manyan baƙaƙe, ya kulle ta nesa da kicin, kada kuma ya taɓa miƙa wa wani ba tare da ya faɗa masa ba, ko da wasa. Kada ya haɗa da giya, kada ya tuƙa mota har washegari. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon zuciya, da wanda akwai taɓin hankali a danginsu, waɗannan ko kusa kada su je. Ku kuma da ba ku kai 25 ba, ƙwaƙwalwarku ba ta gama ginuwa ba, kuma ni ma tawa ba ta gama ba lokacin da na fara.

Da muka dawo daga asibiti na zubar da man, ban sake haɗa wani ba. Yaron ya girma, ba ya tuna komai, yana ta Kawu-Kawu kamar da. Yaya ta yi wata shida ba ta ɗaga wayata. Yanzu tana zuwa, muna hira muna dariya, amma da nata man take tahowa a jaka.